Kiwon kawa a gaɓar teku: ita ke gyara ruwan, ko ruwan ke riƙe da ita?

Baban Khadija, Nima:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Makon jiya wani aiki ya kai ni Bortianor, can yammacin Akara, inda kogin Densu yake faɗawa teku, sai na tarar da tulin ɓawon kawa a bakin ruwa amma babu mace ko ɗaya a cikin ruwan tana ɗiba. Da na yi tambaya aka shaida mini cewa an rufe kamun ne, domin tun daga shekarar 2017 matan Tsokomey da Bortianor da Tetegu suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu babu mai taɓa kawa. Ga wanda bai san ta ba, kawa halitta ce mai ɓawo biyu masu tauri, dangin ƙumbar da ake samu a kogunanmu, sai dai ita tana manne wa saiwar itace ko dutse ko wani tsohon ɓawo, kuma inda ta manne nan za ta ƙare rayuwarta. Wani matashi da na samu a wurin ya ce mini kawa tana tace ruwa, kuma da za a yawaita kiwonta da gaɓar tekun Afirka ta Yamma ta tsabtatu ba tare da an kashe kuɗi ba. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta gaban masana.

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Matashin bai yi ƙarya ba, amma ya tsaya a rabin hanya. Kawa ba a ba ta abinci. Tana buɗe ɓawonta kaɗan ta zuƙi ruwa, ta tace ƙananan gansakuka da ke yawo a ciki ta cinye, abin da ba ta so kuma ta dunƙule shi ta zubar a ƙasa. A Amurka ana yawan cewa babbar kawa guda tana iya tace galan 50 a rana, wato kusan lita 190, sai dai wannan adadi na yanayi mafi kyau ne, idan ɗumin ruwa da gishirinsa sun yi daidai. A mashigar ruwa ta Chesapeake da ke can Amurka, wani bincike na 1988 ya ƙiyasta cewa kafin a cinye kawar wurin a ƙarshen ƙarni na 19, tana iya tace ruwan mashigar gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, alhali wadda ta rage sai ta yi kusan shekara. Amfanin wannan tacewa shi ne, idan takin zamani da ƙazantar gari suka kwarara cikin ruwa, sinadarin naitirojin da ke cikinsu yana sa gansakuka ta yi yawa, idan ta mutu ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Kawa tana rage wannan gansakuka, ruwa ya washe, hasken rana ya kai ga ciyawar ƙarƙashin ruwa. Iyakar abin da take yi ke nan. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ba ta narkar da dalma ko ɗanyen mai. Tara su take yi a jikinta, kuma jikin nan shi za a ci.

Ɗan Yawuri:
Ni dai na tashi a gidan masunta, kuma abin da na sani shi ne duk lokacin da aka zo da maganar hana kamu, talaka ne ke kwana da yunwa. Wata biyar ba kwana biyar ba ne. Matar da ke ciyar da 'ya'yanta da wannan sana'a, me za ta ci daga Nuwamba zuwa Afrilu? Ina zargin cewa ƙungiyoyin waje ne suka kawo tsarin domin su rubuta rahoto.

Uwar Biyu:
Ɗan'uwa Ɗan Yawuri, tambayarka tana kan hanya, amma ka ba ni dama in faɗi abin da na gani da idona, domin na zauna a Serekunda ta ƙasar Gambiya shekaru da dama tare da maigidana. Tsakanin Banjul da Serekunda akwai dausayin Tanbi, daji ne na itatuwan mangurof, waɗanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, faɗinsa ya haura hekta 6,000. Idan teku ta ja baya sai matan su shiga ƙananan kwale-kwale su bi rafukan da ke ratsa dajin. Na taɓa bin wata maƙwabciyata sau ɗaya. Ta sa tsofaffin safa a hannu da ƙafa saboda kaifin ɓawon, ta tsaya cikin laka har gwiwa tana ɓamɓare kawa daga jikin saiwa da ɗan ƙaramin gatari, tana kuma lura da ruwa, domin idan ya fara dawowa dole a juya. Da muka fito aka zuba kawar a rabin duro aka hura mata wuta har ɓawon ya buɗe, sannan aka zauna ana ciro naman ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, a auna da gwangwani a kai bakin titi. Hannunta duk tabo ne, kuma ba ta iya iyo ba.

A da, saboda sauri, da adda ake sare saiwar gaba ɗaya a tafi da ita gida, a ci kawar a yi makamashi da itacen. Sakamakon haka itatuwa suka riƙa mutuwa, kawa ta ƙanƙance, matan kuma sai sun yi nisa kafin su cika kwando. A 2007 wata mata mai suna Fatou Janha ta haɗa su a ƙungiyar TRY, wadda daga baya ta tara mata sama da 500 daga ƙauyuka 15. A 2012 gwamnatin Gambiya ta amince da wani tsari da ya ba ƙungiyar ikon kamun kawa da ƙumba a Tanbi ita kaɗai, kuma a shekarar ce suka samu lambar yabo ta Equator daga Majalisar Ɗinkin Duniya. Su da kansu suka tsayar da cewa kamu na wata huɗu ne, daga Maris zuwa Yuni, sauran wata takwas a bar ruwa ya huta. Ka ga nasu rufewar ya ma fi na Densu tsawo. Abin da ya sa suka yarda shi ne sun tabbata cewa kawar da suka bari yau ba wani baƙo ne zai zo ya kwashe ta gobe ba. Da babu wannan tabbaci, ni ma ba zan ba kowa shawarar ya bar abinci a ruwa ba.

Ɗan Yawuri:
Na ji, Hajiya, kuma na gode. Amma har yanzu ba a gaya mini abin da suke ci a wata takwas ɗin ba.

Uwar Biyu:
Gaskiya wannan ne wurin da tsarin ya fi rauni, kuma ba zan ɓoye ba. Wasu na noman rani da lambu, wasu na ƙaramin kasuwanci, akwai kuma adashi da asusun ajiya da ƙungiyar ta koya musu. Ɓawon ma ba ya tashi a banza, ana ƙona shi a samu farar ƙasa ta shafen ɗaki. Kawar da ta samu hutu takan fi girma, saboda haka gwangwani yana saurin cika kuma yana da daraja. Duk da haka na san gidajen da watannin rufewar ke yi musu tsawo ƙwarai.

Baban Khadija, Nima:
To ai wannan duk kamu ne daga daji. Ina maganar kiwon kanta? Yaya ake kiwon abin da ba ya tafiya kuma ba a ba shi abinci?

Injiniyan Ruwa:
Sirrin yana cikin yadda take haihuwa. Kawa tana sakin ƙwai da maniyyi a cikin ruwa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe ƙanana yadda ido ba ya gani, su yi yawo kimanin mako biyu zuwa uku, sannan su nemi wuri mai tauri su manne. Abin da suka fi so shi ne tsohon ɓawon kawa. Saboda haka a Sanagal, a yankin Salum da Kasamans, mata suna huda tsofaffin ɓawo su jera su a igiya kamar carbi, su rataye igiyoyin a jikin sanduna da aka kafa a cikin rafin, yadda ruwa zai rufe su idan ya ciko ya kuma bar su a iska idan ya ja. 'Ya'yan kawa su zo su manne da kansu, bayan watanni a kwance igiyar a ɗauko. Ba a taɓa saiwa ko ɗaya ba, ba a sayi abinci ba, ba a zuba magani ba. Idan aka kwatanta da kiwon jatan lande, wanda a ƙasashen Asiya da Ekwado aka sare dazuzzukan mangurof masu yawa domin a haƙa masa tafkuna, bambancin a fili yake. A Densu kuwa, inda kawar ta fi zama a ƙasan ruwa, abin da matan ke yi shi ne mayar da ɓawon cikin kogin domin 'ya'ya su samu mazauni, tare da sake dasa mangurof a gaɓa. Wannan tulin da ka gani, Baban Khadija, wani ɓangarensa ruwa zai koma.

Sai dai kada a ɗauka kiwon ba shi da nasa laifin. A Galisiya ta ƙasar Sifaniya akwai kwarangwal na katako sama da 3,000 da ke shawagi a mashigun ruwa, an rataya musu igiyoyin ƙumbar teku, kuma kashin da ke zuba ƙarƙashinsu yana taruwa ya zama baƙar laka idan ruwa ba ya gudu sosai. Idan an cika wuri da kawa fiye da abincin da ruwan ke ɗauke da shi, dukkansu sai su rame, kamar yadda shanu ke yi a makiyayar da aka yi wa yawa. Igiyoyin roba da raga da ke tsinkewa su ma shara ce.

Alaramma na Zango:
Kafin a yi nisa, wani ya tambaye ni a gefe ko cin ta ya halatta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin ruwa halal ne, bisa ayar Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinta. Hanafiyya ne suka taƙaita halaccin ga kifi. Abin da ya rage shi ne batun cutarwa, wanda na ga Injiniya ya fara taɓawa, kuma ina so ya faɗaɗa.

Maman Sadik, Fatakwal:
Allah ya saka da alheri, Malam. Bari in riga Injiniya, domin ni abin ya taɓa faɗa mini. Wata shekara da damina, bayan an kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na sayi kawa da dodon koɗin ruwa a hannun wata mai talla na yi miya. Ina sauri, ban bari ta dahu sosai ba. Ni da yara biyu muka kwana muna zarya bayan gida, ƙaramin har sai da aka ƙara masa ruwa. Ban ga laifin matar ba, domin ita ma ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin ruwan. Duk wanda ya san unguwannin bakin ruwa a nan ya san cewa masai da yawa a kan rafi aka gina su, kuma ruwan sama yana wanko komai ya kai can.

Ga kuma batun mai. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011 ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin dajin mangurof, amma a wuraren da mai ya malala, kamar garin Bodo na ƙasar Ogoni a 2008, saiwoyin sun yi baƙi sun mutu, matan da ke tsintar kawa da dodon koɗi kuma suka rasa sana'a. Inda mangurof ya mutu, wani kwakwan ruwa da ake kira nipa, wanda aka shigo da shi Kalaba a 1906, shi ke mamaye wurin, kuma ba shi da irin saiwar da kawa ke kamawa. To a irin wannan ruwa wa zai ce a zuba kawa ta tsabtace shi, sannan a ci?

Injiniyan Ruwa:
Allah ya ƙara lafiya, Maman Sadik. Abin da ya same ku ya sami manyan ƙasashe. A Shanghai ta ƙasar Sin, a 1988, kimanin mutum 300,000 suka kamu da ciwon hanta nau'in A bayan cin wata ƙumba da aka ɗebo daga ruwan da bahaya ya gurɓata. A Faransa, a ƙarshen Disamban 2023, daidai lokacin da kasuwar kawa ta fi ci saboda bukukuwan ƙarshen shekara, hukuma ta hana sayar da kawar mashigar ruwa ta Arcachon saboda ƙwayar norobairos mai sa amai da gudawa, bayan ruwan sama mai yawa ya cika magudanan ƙazanta sun yi ambaliya. Masu kiwon ba su suka ɓata ruwan ba, amma su suka yi asara. Tarayyar Turai ta kasa wuraren kiwo gida uku bisa yawan ƙwayar E. coli, wata bakteriya da ake samu a bahaya, a cikin giram 100 na naman. Rukunin A, wanda iyakar ƙwayoyinsa 230 ne, ana iya kai shi kasuwa kai tsaye. Rukunin B, har zuwa 4,600, sai an ajiye kawar a tankin ruwa mai tsabta ta amayar da abin da ke cikinta. Rukunin C, har zuwa 46,000, sai an mayar da ita wani ruwa mai kyau na dogon lokaci ko an dafa ta a masana'anta. Tankin ma yana fitar da bakteriya ne sosai, amma bairos irin su norobairos yakan yi taurin kai. Akwai kuma gubar da wasu nau'o'in gansakuka ke samarwa, wadda dafuwa ba ta kashe ta, irin wadda ta halaka mutum uku a Kanada a 1987.

A ganina a nan ne ainihin alaƙar kiwon kawa da kare muhalli take, ba a tacewar ba. Mai kiwon kawa shi ne mutum na farko da ke jin zafi idan ruwa ya lalace, don haka shi ne na farko da ke ihu. A Arcachon ɗin nan, a ƙarshen shekarun 1970, kawa ta daina haihuwa yadda ya kamata, ɓawonta ya riƙa kauri yana nakasa. Da aka bincika sai aka gano wani sinadari ne mai suna TBT da ke cikin fentin da ake shafa wa gindin jiragen ruwa. Faransa ta hana amfani da shi a ƙananan jirage a 1982, kawar ta farfaɗo, daga baya kuma haramcin ya zama na duniya. Da babu masu kiwon da abincinsu ya dogara ga wannan ruwa, da an daɗe kafin wani ya lura.

Ɗan Yawuri:
Wannan bayani ya fi shiga kaina fiye da na farko. Ke nan matan Tanbi da na Densu masu gadi ne da ba a biyan su albashi. Idan haka ne, hujjata ta ƙara ƙarfi: wanda ke gadin ruwan jama'a bai kamata a bar shi da yunwa a watannin rufewa ba.

Uwar Biyu:
Ban musa ba. Ni dai abin da na fi tsoro ba yunwar watannin ba ne kaɗai, a'a, ranar da sana'ar za ta fara kawo kuɗi sosai. Na ga yadda ake yi da sana'o'in mata: muddin wahala ce zalla babu mai kallonta, da zarar otal-otal sun fara saye da tsada sai masu jari su bayyana da takardun izini. Takardar 2012 ita ce katangar matan Gambiya, shi ya sa nake ganin duk ƙasar da za ta ƙarfafa kiwon kawa ta fara rubuta wa matan da ta tarar a ruwan haƙƙinsu tukuna.

Baban Khadija, Nima:
Akwai abin da na ji a Bortianor wanda bai shafi ƙazanta ba. Sun ce idan aka buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Weija da ke kan kogin Densu da damina, ruwan daɗi yakan kwararo da yawa har gishirin mashigar ya ragu, kawa ta mutu. Haka ne, Injiniya?

Injiniyan Ruwa:
Haka ne. Kawar mangurof tana son ruwan da ya gauraya, ba gishiri zalla ba kuma ba ruwan daɗi zalla ba. Tana iya rufe ɓawonta ta jure na wasu kwanaki, amma idan abin ya daɗe sai ta mutu. Madatsar kuwa ita ke ba wani babban ɓangare na Akara ruwan sha, kuma idan ta cika dole a sake ta, in ba haka ba ta fashe. Babu dokar rufe kamu da za ta magance wannan. Sai dai a zauna da masu kula da madatsar a kan yadda za a riƙa sakin ruwan.

Ɗan Yawuri:
Wato abin da ke faruwa a sama shi ke yanke hukunci a ƙasa. Mu da ke Yawuri, ruwan da ya wuce ta gabanmu Neja ce, kuma ƙarshensa can wajen su Maman Sadik. Takin da ake zubawa a fadamun Kano ma ashe can yake tafiya.

Injiniyan Ruwa:
Gyara kaɗan, ɗan'uwa. Ruwan Kano da Challawa Haɗeja yake bi ya nufi tafkin Chadi, ba ya zuwa teku. Na Sakkwato da Rima da Kaduna da Binuwai ne ke shiga Neja. Kuma ba zan ɗora wa manoman arewa laifin abin da ke damun rafukan Neja-Delta ba, domin tafiyar tana da nisa, ga madatsun Kainji da Jebba a hanyar ruwan Sakkwato da Rima suna riƙe laka. Abin da ya fi cutar da kawar can yana kusa da ita: mai, masai, shara da saran itace.

Maman Sadik, Fatakwal:
To ni mai saye, me zan yi kafin hukuma ta fara auna ruwa? Tun wancan karon na daina saye bayan babban ruwan sama, kuma ina barin ta ta tafasa sosai. Ina kuma tambayar mai talla daga wane rafi ta ɗebo, ko da yake ba kullum ake gaya mini gaskiya ba.

Injiniyan Ruwa:
Abin da kike yi daidai ne game da ƙwayoyin cuta. Ki ƙara da cewa idan kin sayi mai rai a ɓawonta, wadda kika tarar a buɗe kuma ba ta rufe ba da kika ƙwanƙwasa ta, matacciya ce, ki yar. Wadda kuma ta ƙi buɗewa bayan dafuwa ita ma ki yar. Amma wuta ba ta cire mai ko dalma, saboda haka tambayar rafin da kike yi ta fi komai muhimmanci, kuma idan kin ji warin kalanzir a jikinta kada ki saya ko da kyauta ce.

Baban Khadija, Nima:
Na gode muku duka. Idan Allah ya kai mu tsakiyar Afrilu zan koma Tsokomey ranar da za a buɗe kamun. Ɗan Yawuri, zan tambayi matan da bakina abin da suka ci a wata biyar ɗin, in kawo maka amsar yadda suka faɗe ta. Injiniya, ka rubuto mini abin da zan tambaya game da auna ruwan, domin ban ga kowa da kwalba a bakin kogin ba ranar da na je.